Tarihin Alhaji Abubakar Imam, Malamin da Ya Mai da Magana Jari

A wannan fitowa ta mujallarmu ta bango na zaɓi in kawo tarihin Alhaji Abubakar Imam. Dalilina shi ne, mu 'yan aji uku lokacin zaɓe ya kusa, kowa zai faɗi ajin da zai shiga idan ya je babbar sakandare. Kullum abin da nake ji a bakin yara shi ne ajin kimiyya na masu ƙwaƙwalwa ne, ajin adabi da tarihi da harsuna kuwa na waɗanda lissafi ya kora ne. Wasu iyayen ma haka suke gani. Shi ya sa na nemo labarin mutumin da bai riƙe komai ba sai alƙalami da harshe, don mu ga ko aikin banza ya yi.

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara a shekarar 1911. Kagara tana cikin Jihar Neja ta yanzu. Mahaifinsa Malam Shehu Usman malami ne kuma alƙali, saboda haka yaron ya buɗe ido ne a gidan karatu. Ya fara da allo da littattafan Larabci kafin a sa shi boko. Daga baya ya tafi Katsina, inda yayansa Malam Bello Kagara yake koyarwa, ya shiga Kwalejin Katsina a 1927 ya gama a 1932. Wannan kwaleji ita ce babbar makarantar boko ta Arewa a lokacin. A cikinta ya yi zamani da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk suna samari, ba wanda ya san abin da za su zama. Da ya gama sai aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Ya kamata mu tuna irin zamanin da ya taso. Shekaru kaɗan kafin haihuwarsa Turawa suka ci ƙasar Hausa da yaƙi. Ga jirgin ƙasa ya iso Kano, ga kuɗin Bature sun kori wuri, ga wani sabon rubutu da ake farawa daga hagu. Mutane da yawa suna tsoron boko. Waɗanda suka daure suka koya kuma, idan sun iya haɗa baƙi ba su da abin karantawa mai daɗi da Hausa, sai littattafan makaranta da aka fassara.

A 1933 wani Bature mai suna Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zagaya garuruwa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, aka mai da abin gasa. Ba kowa ya karɓa ba. Malamai da yawa suna ganin rubutu na addini da tarihi ne, ƙaga labari kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffin mata da yara da dare. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya zauna ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin Alhaji Imam da ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta gamuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna damfarar juna. An buga shi tare da wasu littattafai huɗu: Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East. Wato a cikin littattafai biyar na farko, biyu daga gida ɗaya suka fito.

East ya ga yaron yana da baiwa, sai ya nemi a ara masa shi. A 1936 Imam ya je Zariya ya yi wata shida yana rubutu. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku masu labarai sama da 80.

A nan nake so in daɗe, domin nan ne na fi mamaki. Da ina tsammani duk labaran cikin littafin na ƙasar Hausa ne. Ashe an tara masa littattafai ne na ƙasashe daban-daban, na Larabawa kamar Dare Dubu da Ɗaya, na Indiya, da tatsuniyoyin Jamusawa, ya karanta ya juya su. Ku ɗauki labarin Kalala da Kalalatu da muke sha wa dariya. Asalinsa na Jamus ne, labarin wata mai dafa abinci da ta cinye kajin da maigidanta ya tanadar wa baƙo, sannan ta haɗa su rigima don ta tsira. Imam ya mai da su miji da mata, ya ba su sunayenmu da halinmu, har mai karatu ya rantse a unguwarsu abin ya faru. Haka labarin Sarkin Busa, shi ma asalinsa daga can ne. Wani zai ce ai kwafa ya yi. Ni ban yarda ba. Ku gwada ɗauko labarin wani fim na Indiya ku ba kakarku da Hausa yadda za ta ji kamar na garinsu ne, ku ga ko abu ne mai sauƙi. Sai wanda ya san mutanen can, ya kuma san nasa mutanen ciki da bai, zai iya.

Kuma ku lura da wanda ya zaɓa ya zama gwarzon littafin. Ga sarki, ga barade, ga mayaƙa, amma aku ne ya ceci Musa ɗan Sarki Abdurrahman daga makircin waziri. Aku ba shi da takobi. Labari kawai yake bayarwa dare bayan dare yana hana yaron fita, har sarki ya dawo daga yaƙi. A ƙarshe shi aka naɗa waziri. Ina ganin da gangan Imam ya yi haka.

Sai kuma aikin da ya shafe mu 'yan ƙungiyar jarida kai tsaye. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, daga nan sunan ya samo daɗinsa. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne jita-jita. A lokacin ana ta raɗe-raɗin cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Hitila na Jamus, mutane sun tsorata, ba kuma inda za su ji sahihin labari da harshensu. A shekarar nan kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. An ɗebi samarin Arewa da yawa aikin soja, wasu har Habasha, wasu har Bama. Aikin Imam ne ya bayyana wa mutumin da bai taɓa ganin teku ba inda waɗannan ƙasashe suke da abin da ake faɗa a kai. Wanda ya iya karatu yakan karanta da ƙarfi, sauran su zagaye shi suna saurare. Masu karatu kuma suka fara aiko da wasiƙu suna faɗin ra'ayinsu da kokensu, abin da talaka bai saba yi a fili ba. Idan na tuna yadda labarin ƙarya yake yawo a wayoyin yayyenmu yau, sai in ga matsalar 1939 ba ta tafi ko'ina ba, gudu kawai ta ƙara.

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Imam yana ciki, haka ma Nnamdi Azikiwe. A can Azikiwe ya shirya takardar neman a sa lokacin ba da mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, domin yana ganin Arewa tana baya ƙwarai a ilimin boko. Har yau akwai masu ganin laifinsa a kan wannan, ni ma da na fara karantawa ban ji daɗi ba. Amma bai yi shiru ba. Ya gana da Lugga, Baturen nan da ya ci Arewa da yaƙi, wanda a lokacin ya tsufa ya yi ritaya, ya bayyana masa matsalolin mulkin En'e da yadda ake ƙin sauraron samarin da suka yi karatu, ya kuma rubuta masa su a takarda. Ɗan alƙalin Kagara ke nan yana yi wa Lugga gyara da Turanci. Da ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, don wanda bai je ba ya ga Ingila da idon Bahaushe.

Ya yi kimanin shekara 12 yana editan Gaskiya. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya shiga majalisa, daga baya ya bar siyasa ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnatin Arewa. Ya rubuta littattafan addini da na tarihi. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Ga wani abu da zan tsokani abokaina masu son ajin kimiyya da shi. Shi da East sun rubuta littafi mai suna Ikon Allah, wanda yake bayanin halittu da yadda duniya take tafiya, da Hausa. Wato lokacin da aka so a kai wa yaran Arewa ilimin kimiyya, sai da aka nemi gwanin harshe. Ban ce kowa ya gudu daga kimiyya ba, ni kaina ina son darasin. Amma likitan da zai yi wa tsohuwa bayanin allurar rigakafi har ta yarda, da wace Hausa zai yi?

Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya a shekarar 1981 yana da shekara 70. Allah ya jiƙansa da rahama. Wanda yake son karanta Magana Jari Ce, akwai littafi na ɗaya da na uku a laburarenmu. Na biyun an are shi tun zangon da ya wuce ba a dawo da shi ba. Don Allah wanda yake hannunsa ya kawo, a cikinsa ne aku yake gasar ba da labari da Haziƙ, akun Sarkin Sirika, kuma mu da yawa ba mu karanta ba.