Luwis Zamperini, Sojan Da Ya Yafe Wa Maƙiyansa

An haifi Luwis Zamperini a ƙasar Amurka ran 26 ga Janairu, 1917. Iyayensa mutanen Italiya ne da suka yi ƙaura zuwa can. Ya girma a wani ƙaramin gari da ake kira Torrance, cikin jihar Kalifoniya. Sa'ad da yake yaro bai iya Turanci sosai ba, saboda haka yara suka riƙa yi masa ba'a. Shi kuwa sai ya zama fitinanne, ga faɗa, ga ɗauke-ɗauke.

Da wansa Pete ya ga yaron zai lalace, sai ya sa shi cikin masu tseren makaranta. Luwis na gudu, Pete na biye da shi bisa keke. A nan ya koyi jure wahala. Cikin 1934 ya yi gudun mil guda a minti 4 da daƙiƙa 21. A 1936, yana da shekara 19, aka tafi da shi wasannin Olamfik a Balin, babban birnin Jamus. Ya zo na takwas a tseren mita 5,000, amma zagayen ƙarshe a daƙiƙa 56 ya yi shi, har 'yan kallo suka yi mamaki.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya taso, Luwis ya shiga sojan sama. Ran 27 ga Mayu, 1943, jirginsu ya lalace, ya faɗa cikin tekun Fasifik. Su goma sha ɗaya ne a ciki, uku kaɗai suka tsira, suka hau kwalekwalen roba. Ruwan sama suke tara su sha, ɗanyen kifi da tsuntsaye su ne abincinsu. A kwana na 33 ɗayansu ya mutu. Bayan kwana 47 sauran biyun suka isa tsibiran Marshall, amma sai suka faɗa hannun sojan Japan.

Luwis ya yi fiye da shekara biyu a tsare, yana shan duka da yunwa. A gida kuwa har an ba da sanarwar mutuwarsa. Da yaƙi ya ƙare a 1945 ya komo gida, amma zuciyarsa cike take da fushi. Barci ya gagare shi, ya shiga shan giya. A 1949 ya saurari wa'azi, ya tuba, ya bar giya. A 1950 ya koma Japan, ya shiga kurkukun Sugamo inda aka tsare waɗansu daga cikin masu gadinsa na da, ya gaya musu ya yafe musu.

A 1998, yana da shekara 80, ya ɗauki wutar Olamfik ya yi gudu da ita a Japan, kusa da inda aka taɓa tsare shi. Ya rasu ran 2 ga Yuli, 2014, yana da shekara 97. Mutanen Torrance sun sa wa filin jirgin saman garinsu sunansa.

To, yara, Luwis bai ci lambar zinariya ba, amma ya ci nasara a kan fushinsa. Wannan ita ce nasarar da ta fi wuya.