Imamu Gazali, Malamin da Ya Gudu Daga Kujerarsa

Ga labarin wani malami wanda da wuya a sami zauren karatu, ko a gida ko a zangunan da Hausawa suka zauna, inda ba a taɓa ambaton sunansa ba. Mun zaɓe shi ne domin ranar murna irin wannan ita ce ranar da a kan ƙidaya abin da ido ke gani, watau yawan sahu, da tsawon hasumiya, da sunayen waɗanda suka riƙe al'amuran jama'a. Duk waɗannan alheri ne. Amma shi wannan bawan Allah ya sami irinsu fiye da kowa a zamaninsa, sa'an nan ya zauna ya tambayi kansa, shin Allah ya ke so, ko kuwa hidimar addini ce kawai ta yi masa daɗi.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, alkunyarsa Abu Hamid. An haife shi a Ɗus, cikin ƙasar Hurasan, kusa da birnin Mashhad na ƙasar Iran ta yanzu, a shekara ta 450 daga Hijira, wadda ta yi daidai da 1058. An ce ubansa talaka ne, yana kaɗa zaren ulu yana sayarwa. Da ajali ya zo masa sai ya danƙa Muhammadu da ƙanensa Ahmadu ga wani amininsa sufi, tare da 'yan kuɗin da ya bari. Da kuɗin suka ƙare, shi kuwa marikin ba shi da abin hannu, sai ya shawarce su su shiga makaranta, don a can a na ba ɗalibai abinci. Ka ji mafarin karatun wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Hujjatul Islam. Shi kansa bai ɓoye ba, ya kan faɗa cewa ba don Allah suka fara neman ilmi ba, ilmin ne ya ƙi yarda ya zama na wanin Allah.

Ya yi karatu a garinsu, ya wuce Jurjan. A kan hanyarsa ta komowa 'yan fashi suka tare ayarinsu, suka kwashe kome, har da jakar takardunsa. Ya bi su yana roƙo a mayar masa da ita, don duk abin da ya yi ƙaura dominsa yana ciki. Shugabansu ya yi dariya, ya tambaye shi wane irin ilmi ne wannan da za a raba mutum da shi ta hanyar ƙwace jaka. Ya ba shi abinsa. Maganar ɓarawon nan ta shige shi, har ya yi shekara 3 a Ɗus yana haddace abin da ya rubuta.

Daga nan ya tafi Naisabur wajen Imamul Haramaini, Juwaini, babban malamin Shafi'iyya, ya zauna gabansa har malamin ya rasu a 1085. Sai ya nufi fadar Waziri Nizamul Mulki, wanda ya ke riƙe da mulkin Turkawan Saljuƙ a madadin Sarki Malik Shah. A fadar nan a kan tara malamai su yi muhawara, Waziri na saurare, wanda ya ka da abokinsa ya sami girma da kyauta. Gazali ya yi fice a nan. A 1091, yana da shekara 34, Waziri ya naɗa shi malamin Nizamiyya ta Bagadaza, makarantar da ba ta da ta biyu a ƙasashen gabas. Ɗalibai wajen 300 su ke zama gabansa. Halifa Mustazhir da kansa ya sa shi ya rubuta littafi na rushe hujjojin Baɗiniyya. Ya kuma karance littattafan masu falsafa, ya mayar musu da martani cikin Tahafutul Falasifa. In dai hidima ce ga addini, to, babu wanda zai ce bai yi ba.

Ana cikin haka sai ya juyo ya binciki kansa. Ya ba da labarin wannan a littafinsa Almunƙizu minal Dalal. Ya dubi masu neman gaskiya, ya ga sun kasu huɗu: malaman tauhidi masu jayayya, da Baɗiniyya, da masu falsafa, da sufaye. Na ukun farko karatu ya ishi mutum ya san abin da ke gare su. Na sufaye kuwa ya karanta littattafansu duka, amma ya gane abin da su ke nufi ba ya samuwa da karatu. Ya kawo misali da likita wanda ba shi da lafiya: ya san ma'anar lafiya, ya san sabubbanta, amma shi a kwance ya ke. Sa'an nan ya auna mafi kyawun ayyukansa, watau karantarwa, ya ga fannonin da ya ke koyarwa ba su da amfani sosai ga tafarkin Lahira. Ya auna niyyarsa, ya tarad da ita ba tsantsar neman yardar Allah ba ce, neman girma ne da yaɗuwar suna.

Mai karatu ya lura, ba wani zunubi na fili ya kama kansa da shi ba. Bai ci dukiyar maraya ba, bai bar salla ba. Da za a tambayi mutanen Bagadaza a ranar nan wane ne ya fi kowa tsaya wa addini, shi za su nuna. Abin da ya firgita shi ke nan, don ciwon da mutane ke yabo ya fi kowane wuyar magani.

Ya yi kusan wata 6, tun daga Rajab na 488, yana kai da kawowa. Da safe ya ƙudura zai bar Bagadaza, kafin maraice son duniya ya warware ƙudurin, yana raya masa cewa in ya saki wannan matsayi ba zai sake samunsa ba. Daga bisani al'amarin ya fita daga hannunsa. Harshensa ya ƙulle, ya zo zai ba da karatu kalma ɗaya ta ƙi fita. Abinci ya daina narkewa a cikinsa, ƙarfinsa ya ƙare. Likitoci suka duba, suka ce abin daga zuciya ya taso, ba su da maganinsa sai damuwar ta kau. A nan ne ya koma ga Allah komawar wanda dabara ta ƙare masa, Allah kuwa ya sauƙaƙa masa rabuwa da girma da dukiya.

A watan Zulƙida na wannan shekara, watau Nuwamba 1095, ya fita. Ya bayyana wa mutane Makka za shi, alhali Sham ya nufa, don tsoron kada Halifa da abokansa su tsare shi. Ya rabar da dukiyarsa, ya bar abin da zai ishi iyalinsa, ƙanensa Ahmadu ya zauna a kujerarsa. Malaman Iraƙi suka yi ta surutu, don a ganinsu ya riga ya kai ƙololuwar addini, ina kuma za shi? Na nesa suka ce tsoron masu mulki ne ya kore shi. Har yanzu akwai masana tarihi masu wannan ra'ayi, su na kafa hujja da cewa an kashe Nizamul Mulki a 1092, Malik Shah ya bi shi bayan wata guda, gidan sarauta ya rikice da yaƙin gado. Lalle zamanin na tsoro ne. Amma mai gudun wani sarki ya kan nemi inuwar wani sarkin ne, shi kuwa wannan bai nema ba. Mu ma a tarihinmu an ga irin wannan: a 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son mulki da dukiya ya shiga cikin jama'ar jihadi, ya bar runduna ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam.

A Dimashƙa ya kan hau hasumiyar babban masallacin Banu Umayya ya rufe ƙofa, ya yini shi kaɗai yana zikiri. An ruwaito cewa wata rana ya shiga wata makaranta, ya ji malamin yana kafa hujja da maganar Gazali, bai san mai maganar na tsaye ba. Da ya ji daɗin abin ya fara motsi a ransa, sai ya bar garin. Ya tafi Baitul Muƙaddas, ya riƙa shiga Ƙubbar Dutse yana kaɗaita. A kabarin Annabi Ibrahimu, alaihissalam, ya ɗauki alkawari uku: ba zai ƙara zuwa fadar sarki ba, ba zai karɓi kuɗin sarki ba, ba zai sake shiga muhawara ba. Ya yi aikin Hajji a 1096, ya ziyarci Madina. Kewar 'ya'yansa ta komo da shi, ya bi ta Bagadaza ya wuce Ɗus.

Cikin waɗannan shekaru ya rubuta Ihya'u Ulumid Din, littattafai 40 a kashi huɗu: ibada, da al'amuran zaman duniya, da halaye masu halakarwa, da halaye masu tsirarwa. Tun a littafin farko ya raba malaman duniya da malaman Lahira, bai kuwa sassauta wa 'yan'uwansa ba. Ya ce za ka sami malami ya haddace mas'alolin li'ani da zihari waɗanda zai yi shekaru ba a tambaye shi ba, amma in ka tambaye shi ma'anar ihlasi, ko yadda a ke tsira daga riya, sai ya yi shiru. Ya ce ga garuruwa cike da masana fiƙihu, babu likita Musulmi ko ɗaya, alhali koyon likitanci wajibi ne a kan jama'a. Dalili kuwa shi ne fiƙihu ke kai mutum ga alƙalanci da riƙon wakafi da dukiyar marayu. Ya ce mai fatawa zai hukunta salla ta inganta ko da zuciyar mai ita na kasuwa tun daga bayan kabbarar harama har sallama, don shi iyakarsa zahiri. Ya kuma kawo dabarar mai ba matarsa dukiyarsa kafin shekara ta cika don zakka ta faɗi: a gaban alƙali ya kuɓuta, a Lahira kuwa cutarwar ta fi ta kowane laifi.

Kada wani ya ɗauka ya raina shari'a ne. Masu cewa sun kai matsayin da salla da azumi suka faɗi a kansu, ya yi musu raddi mai zafi. Babban littafinsa na usulul fiƙhi, Almustasfa, a ƙarshen rayuwarsa ya gama shi, a 1109. Abin da ya ƙi shi ne a tsaya ga ɓawo a manta da ƙwaya. Littafin Ihya kuma bai tsira daga suka ba. Malaman hadisi sun nuna akwai hadisai masu rauni da yawa a ciki, sun kuwa yi gaskiya, har Hafizu Iraƙi ya bi su ɗaya ɗaya ya bayyana matsayinsu. A Andalus abin ya wuce suka: a zamanin Sarki Aliyu ɗan Yusufu ɗan Tashfin, alƙalan Ƙurɗuba suka yi fatawa aka ƙone littafin a bainar jama'a. Malamai ne suka ƙone shi, da sunan tsaron addini. Duk da haka ya ƙetare Sahara, Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi sun karanta shi, sun kafa hujja da shi cikin littattafansu.

A 1106, bayan shekara 11, Waziri Fahrul Mulki ɗan Nizamul Mulki ya matsa masa ya koma karantarwa a Nizamiyya ta Naisabur. Ya shawarci waɗansu mutanen kirki, suka ce ya fita, don ɓarna ta yi yawa. Ya karɓa, amma ya ce wannan ba komawa ba ce ga abin da ya bari: dā yana yaɗa ilmin da a ke samun girma da shi, yanzu kuwa yana kira zuwa ga ilmin da a ke barin girma da shi. Bai daɗe ba ya koma Ɗus, inda ya ke da makaranta da zawiyar sufaye kusa da gidansa. Ya raba lokacinsa tsakanin tilawa, da karantarwa, da zama da masu zikiri, ya kuma duƙufa ga karatun Buhari da Muslim. Aka aiko daga Bagadaza ya komo kujerarsa ta dā, ya ba da hanzari, ya tuna musu alkawarin da ya ɗauka a kabarin Annabi Ibrahimu.

Ƙanensa Ahmadu ya ba da labarin rasuwarsa. Ran Litinin da asuba, 14 ga Jimada Sani, 505, daidai da Disamba 1111, ya yi alwala ya yi salla, ya ce a kawo masa likkafaninsa. Ya karɓa ya sumbace shi, ya ɗora a kan idanunsa, ya miƙe ƙafafunsa ya fuskanci alƙibla. Kafin gari ya waye sarai ya cika, yana da shekara 55. Aka rufe shi a Ɗabaran, cikin Ɗus, garin da aka haife shi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.