Finiyas Gej, Heluman Reluwe Wanda Ƙarfe Ya Sake Wa Hali

Hausawa sun ce hali zanen dutse ne, amma labarin Finiyas Gej ya nuna wa likitoci zanen nan yakan gogu.

An haifi Gej a Amurka cikin 1823. Ya tashi ya zama heluman leburori masu fasa duwatsu don shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, irin wadda ta bi ta Malam Madori a ƙasar Hadeja zuwa Nguru. Manyansa sun shaide shi da hankali da ƙwazo.

Ran 13 ga Satumba, 1848, kusa da garin Kabendish, yana cikin danna albarushi a ramin dutse da sandan ƙarfe, sai wuta ta kama. Sandan nan mai tsawon ƙafa 3 da inci 7 ya shiga ta kuncinsa na hagu, ya bi ta bayan ido, ya ɓullo ta tsakar ka, ya faɗi can nesa. Abin mamaki, ba a jima ba mutumin ya yi magana. Aka kai shi masauki a amalanken shanu, Likita Harlo ya yi jinyarsa har ya tashi, sai dai idon hagu ya mutu.

Jiki ya warke, hali kuwa ya juya. Likitan ya rubuta cikin 1868 cewa Gej ya koma mai gajen haƙuri da ashar, ba ya jin shawara, ya ƙulla abu yanzu ya warware an jima. Kamfanin ya ƙi mayar da shi aikinsa.

Duk da haka bai lalace ba. Cikin 1852 ya tafi ƙasar Cile, ya yi wajen shekara 7 yana tuƙa keken dawaki na fasinja, aikin da mai tsayayyen hankali kaɗai ke iyawa. Da lafiya ta gaza ya koma San Faransisko wurin mahaifiyarsa, farfaɗiya ta kama shi, ya mutu ran 21 ga Mayu, 1860, yana da shekara 36. Ƙoƙon kansa da sandan suna ajiye a Jami'ar Habad.

To, ga abin da masana suka tsinta. Ɓangaren ƙwaƙwalwa na bayan goshi, inda ƙarfen ya ratsa, shi ne linzamin zuciya. Can ciki kuma akwai wata 'yar ƙwaya kamar gyaɗa, amigdala, mai tayar da tsoro da fushi. Akwai wata cutar rikiɗewar hali wadda mai ita yakan so mutum da safe ya ƙi shi da maraice, kullum yana fargabar za a guje shi, wani lokaci har ya cuci kansa. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna a wasunsu ƙwayar nan tana saurin zabura, linzamin kuwa ya yi sako-sako. Gej rauni ya samu, su kuwa gado da wahalar ƙuruciya ke haɗuwa su jawo musu.

Saboda haka, jama'a, wanda ke da irin wannan a gida kada ya yanke masa hukuncin mugun hali, ya kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa. Ana magance ta da zaman tattaunawa da koyon danne zuciya, kuma da yawa suna samun sauƙi, kamar yadda aiki da zama cikin mutane suka daidaita Gej.