Helenio Herrera: Kocin da ya tashi a Casablanca ya koya wa Turai tsare gida

Duk inda matasa ke taruwa kallon ƙwallo, daga Damagaram da Tanut har ƙauyukan Damargu irin su Ollelewa, akwai gardamar da ba ta ƙarewa. Wasu na ganin ƙungiyar da ta iya kai hare-hare ita ce ta iya wasa, wasu kuma na cewa kofi na wanda ya iya tsare gida ne. Mutumin da aka fi danganta salon tsare gida da shi, Helenio Herrera, ya rasu tun 1997, kuma tarihinsa ya nuna cewa ya ci kofuna da salon biyu.

Tasowarsa

An haifi Herrera a birnin Buenos Aires na Ajantina a 1910. Iyayensa talakawa ne 'yan Sifaniya da suka tafi ci-rani, mahaifinsa kafinta ne. A 1920 iyalin suka sake yin ƙaura zuwa Casablanca a Maroko, wadda a lokacin take ƙarƙashin Faransa kamar yadda Nijar take. A can ya girma, a can kuma ya fara taka leda a matsayin mai tsaron baya.

A farkon shekarun 1930 ya tsallaka Faransa, inda ya buga wa ƙungiyoyi irin su Stade Français da Charleville da Red Star. Bai yi fice a matsayin ɗan wasa ba. Da ya rataye takalmi a tsakiyar shekarun 1940 sai ya rungumi aikin horarwa, daga baya ya koma Sifaniya.

A Atletico Madrid ya fara yin suna, inda ya lashe gasar La Liga sau biyu a jere, a 1950 da 1951. Cikin taurarinsa har da Larbi Ben Barek, ɗan Casablanca da ake yi wa laƙabi da Baƙin Lu'ulu'u.

Ruwan ƙwallaye a Barcelona

Herrera ya karɓi Barcelona a 1958, lokacin da Real Madrid ta Alfredo Di Stefano ke mulkin Turai. Bai ja da baya ya tsare gida ba. Ya cika tsakiyar fili da 'yan wasa masu son zuwa gaba, ya kuma matsa musu da gudu da saurin miƙa ƙwallo.

A kakar 1958-59 Barcelona ta zura ƙwallo 96 a wasa 30, ta lashe La Liga da kofin ƙasar. A kaka ta gaba ta zura 86 ta sake ɗaukar gasar. Sai dai Real Madrid ta fitar da ita a wasan daf da na ƙarshe na kofin Turai a 1960, da ci 3-1 gida da waje. Ga kuma rashin jituwa tsakaninsa da Laszlo Kubala, ɗan wasan da magoya baya ke ji da shi. Nan zamansa ya ƙare.

Sakatar Inter Milan

A wannan shekarar attajirin man fetur Angelo Moratti ya ɗauke shi zuwa Inter Milan. Kaka biyu na farko ƙungiyar ta ci ƙwallaye da yawa amma ba ta ɗauki kofi ba. Daga nan Herrera ya sauya tunani.

Salon da ya koma kansa 'yan Italiya na kiransa catenaccio, ma'ana sakatar ƙofa. Ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Karl Rappan ya fara makamancinsa a Switzerland tun shekarun 1930, Nereo Rocco kuma ya riga shi amfani da shi a Italiya. Abin da Herrera ya yi shi ne gyara shi har ya zama makamin cin kofin Turai.

Tsarin kuwa shi ne, masu tsaron baya kamar Tarcisio Burgnich da Aristide Guarneri kowa ya riƙe mutum guda, duk inda ya sa ƙafa yana biye da shi. A bayansu kyaftin Armando Picchi ba ya tsaron kowa, aikinsa share duk ƙwallon da ta kuɓuce. Da zarar an ƙwace ƙwallo sai a miƙa wa Luis Suarez, ɗan Sifaniyar da Herrera ya sayo daga Barcelona a 1961, shi kuma ya cilla doguwa ga Jair ko Sandro Mazzola. Kafin abokan hamayya su koma gida an riga an isa ragarsu.

Akwai kuma Giacinto Facchetti, mai tsaron baya ta hagu da aka ba damar hawa gaba. A kakar 1965-66 ya zura ƙwallo 10 a gasar Serie A, abin da ba a saba gani ba ga mai tsaron baya a wancan zamani.

Inter ta lashe Serie A a 1963, inda aka zura mata ƙwallo 20 kacal a wasa 34, ta sake lashewa a 1965 da 1966. Ta doke Real Madrid 3-1 a Vienna ta ɗauki kofin Turai na 1964, ta kare shi a 1965 da ci 1-0 a kan Benfica. A shekarun biyu ta doke Independiente ta Ajantina a kofin zakarun nahiyoyi. 'Yan jarida suka sa masa suna Il Mago, wato mai dabo.

Tsauri da zargi

Herrera na cikin kociyoyin farko da suka zama taurari da kansu. Yana killace 'yan wasa a sansani kwanaki kafin wasa, yana sa ido kan abincinsu da barcinsu, yana liƙa kalaman zaburarwa a bangon ɗakin sauya kaya. Wanda bai bi ba sai ya kama gabansa, kamar yadda ya faru da Antonio Angelillo, gwanin cin ƙwallon da aka sayar wa Roma a 1961.

Nasarorin ba su tsira daga zargi ba. An yi ta ƙorafi kan alƙalancin wasan da Inter ta doke Liverpool 3-0 a 1965. Shekaru bayan rasuwarsa, tsohon ɗan wasan Inter Ferruccio Mazzola ya yi zargin cewa ana ba su ƙwayoyin ƙara kuzari a zamaninsa.

Ranar da sakata ta karye

Ranar 25 ga Mayun 1967 Inter ta haɗu da Celtic ta Jock Stein a wasan ƙarshe a Lisbon. Suarez na jinya. Mazzola ya ci fenareti tun minti na bakwai, sai Inter ta koma baya gaba ɗaya. Ba mai cilla doguwar ƙwallo, saboda haka babu harin ramuwa, tsaron kawai ya rage. Celtic ta yi ta luguden hare-hare har Tommy Gemmell da Stevie Chalmers suka ci, aka tashi 2-1. Mako guda bayan nan Mantova ta doke Inter, Juventus ta ɗauke gasar.

Herrera ya koma Roma a 1968 ya ci Coppa Italia a 1969. Kofinsa na ƙarshe shi ne Copa del Rey da Barcelona a 1981. Ya rasu a birnin Venice ranar 9 ga Nuwamban 1997.

Sai a 2010 Inter ta sake ɗaukar kofin Turai, bayan shekara 45. A kan hanyarta Jose Mourinho ya tsare gida da mutum goma a Camp Nou ya fitar da Barcelona ta Pep Guardiola, ƙungiyoyi biyun da Herrera ya jagoranta, kowacce da salon da ya taɓa ci mata kofi da shi.