ALHAJI UMARU NA SALAGA, MALAMIN DA YA RUBUTA ƘASAR HAUSA DAGA NESA

An haifi Malam Umaru ɗan Abubakar a birnin Kano a cikin shekarar 1858, amma asalin gidansu Kabawa ne. Mahaifinsa malami ne kuma falke, watau irin mutanen nan da ke ɗaure littattafai da hajar ciniki a kaya guda. Umaru ya sauke Alƙur'ani a Kano, sa'an nan ya shiga neman ilmi a wajen malaman ƙasar Kabi da ta Sakkwato. Tun yana ɗan shekara goma sha tara, a 1877, ya wallafa wani ɗan littafi da Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, wanda daga baya aka buga shi a Masar.

Babbar makarantarsa ta biyu ita ce hanyar Gwanja. A wancan zamani ayarin fataken goro yakan tashi daga Kano da jakuna da 'yan alaro, ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu da ta Dagwamba, har ya sauka kasuwar Salaga, inda goron kurmin Asante yake fitowa. Tafiya ce ta watanni, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a bakin kowane kogi, ga sarakunan da sai madugu ya yi musu gaisuwa kafin a ba da hanya. Umaru ya bi wannan hanya tun yana saurayi. Sauran fatake suna lissafin riba, shi kuwa har da wani lissafin yake yi: sunan gari, da asalin mutanensa, da wanda ya ci su da yaƙi, da abin da suke nomawa.

Wajen 1892 ya zauna a Salaga, amma bai iske kwanciyar hankali ba. A wannan shekara yaƙin basasa ya tashi tsakanin gidajen sarautar Gwanja, kasuwa ta watse, baƙi suka bazu. Ya tsara waƙa da Larabci a kan wannan masifa, wadda har yanzu masu binciken tarihin Salaga suke komawa gare ta. A 1896 ya koma Kete-Karachi a bakin kogin Bolta, garin da yawancin fataken Salaga suka ƙaura zuwa gare shi, wanda kuma yake hannun Jamusawa a lokacin. Can ya zama limami, ya buɗe makaranta, almajirai suka yi ta zuwa daga nesa.

A Kete-Karachi ne ya gamu da wani jami'in mulkin Jamus mai suna Adam Mischlich, mutum mai kwaɗayin sanin Hausa, wanda ya fitar da ƙamus ɗinsa a 1906. Baturen ya nemi Liman ya rubuta masa yadda ƙasar Hausa take. Da wani ne, da ya jera masa sunayen sarakuna da shekarun sarautarsu ya huta. Liman Umaru bai tsaya nan ba. Ya rubuta tarihin Kabi da Kano da Katsina da Sakkwato, sa'an nan ya gangaro kan abin da malaman zamaninsa ba su ɗauka ya isa a ɓata tawada a kansa ba: noma da kiwo, saƙa da rini da ƙira, aure da suna, cinikin kasuwa, da zaman bayi a gidajen iyayengijinsu. Duk da ajami ya rubuta, cikin Hausar Kano mai sauƙi, kamar mai ba da labari a zaure.

Abin lura a nan shi ne ƙasar da yake bayyanawa ta riga ta fara sākewa a bayansa. Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, yana can nesa. Saboda haka abin da ya zuba a takarda shi ne ƙasar Hausa kamar yadda ya taka ta da ƙafarsa kafin zuwan Nasara, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikin 'yan ƙasa suka bar irin wannan shaida da harshensu.

Kada kuma a zaci aiki da Bature ya sa ya zama ɗan amshin Shatansu. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Turawa, inda ya bi garuruwa ɗaya bayan ɗaya yana ambaton yadda suka faɗa hannunsu, da yadda sarakuna suka ƙasƙanta. Ko a cikin baƙin ciki, halinsa na mai ƙidayar garuruwa bai bar shi ba. Waƙarsa ta Talauci da Wadata kuwa ta nuna yadda jama'a ke wulakanta matalauci su girmama mai dukiya, ko da wane irin hali gare shi.

A 1913 ya tafi aikin Hajji, bai komo ba sai wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, ya tarar mulkin Jamus ya kau, Ingilishi ne ke riƙe da garin. Ya ci gaba da limanci da karantarwa har Allah Ya yi masa rasuwa a Kete-Karachi a 1934.

Rubuce-rubucen da ya yi wa Mischlich Turai suka tafi, kuma a can aka fara buga wasunsu tare da fassarar Jamusanci, shi ya sa ɗaliban ƙasar haihuwarsa suka daɗe ba su san da su ba. A 1973 Douglas Ferguson ya yi digirinsa na dakta a Amurka a kan bayanin Liman game da ƙasar Hausa, a 2000 kuma Stanislaw Pilaszewicz na ƙasar Folan ya fitar da wasu daga cikin rubutun nasa na ajami. Waƙoƙinsa na Larabci kuwa a hannun almajiransa suka wanzu, daga nan Jami'ar Ghana ta tattara kofensu a shekarun 1960. A cikin waɗannan shekaru ne aka gama madatsar ruwa ta Akosombo, tafkin Bolta ya cika, ya shanye tsohon garin Kete-Karachi inda ya yi zamansa, aka mai da mutanen sabon matsuguni a kan tudu.