Lawrence Anini

Lawrence Nomanyagbon Anini (an haife shi wajajen 1960, ya mutu ranar 29 ga Maris, 1987) shugaban gungun 'yan fashi da makami ne da ya addabi birnin Benin na tsohuwar Jihar Bendel, wadda aka raba ta zuwa jihohin Edo da Delta a 1991. Ana yi masa laƙabi da The Law, wato Doka. Ta'asar da ta fito da sunansa ba ta wuce wata huɗu ba, daga Agusta zuwa Disamba 1986, amma ta tona asirin yadda wasu jami'an 'yan sanda ke haɗa baki da ɓarayi.

Farkon rayuwa

An haifi Anini a wani ƙauye kusa da Benin. Tun yana yaro ya koma birni, ya koyi tuƙi, ya zama direban tasi, ya yi suna a tashoshin mota. Da tuƙin ya shiga fashi: ya fara da ja wa wasu gungun ɓarayi mota, daga baya ya kafa nasa. Na hannun damansa shi ne Monday Osunbor. Aikinsu ƙwacen motoci, tare hanya da fasa banki.

Watannin 1986

An ruwaito cewa rikicinsa da 'yan sanda ya samo asali ne daga wata shari'a da aka yanke wa abokansa biyu hukuncin kisa, alhali gungun ya biya cin hanci don a ɓatar da shaidar da ke kansu. Daga watan Agusta suka fara kai wa 'yan sanda hari da gangan a shingayen bincike da kan titi, suka kashe da dama, tare da fararen hula da tsautsayi ya rutsa da su. A watan Satumba suka sace direban Mataimakin Sufeto Janar Christopher Omeben suka kashe shi. Ranar 1 ga Oktoba, ranar bikin samun 'yancin kai, suka buɗe wa motar Kwamishinan 'Yan Sandan jihar, Casmir Akagbosu, wuta. Ya ji rauni amma ya tsira.

Jaridu suka riƙa buga labarinsa kusan kullum, jita-jita kuma ta cika gari: wai yana da layar zana, wai harsashi ba ya huda shi. An kuma ce yakan watsa wa matan kasuwa kuɗin da ya ƙwato lokacin da yake tserewa. A shekarar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, wannan ya sa wasu talakawa suka ɗauke shi mai ƙwatar musu haƙƙi, ko da yake cikin waɗanda gungun ya kashe akwai talakawa irinsu. Lamarin ya kai har Babangida ya tambayi Sufeto Janar Etim Inyang inda Anini yake, tambayar da jaridu suka yayata. Kafin ƙarshen shekarar Muhammadu Gambo Jimeta ya gaji Inyang.

Kamawa da shari'a

Ranar 3 ga Disamba, 1986, wata tawagar 'yan sanda ƙarƙashin Kayode Uanreroro ta ritsa shi a wani gida a cikin Benin. An harbe shi a ƙafa, daga baya likitoci suka yanke ƙafar.

Bayanan da shi da Osunbor suka bayar su suka nuna daga inda ƙarfin gungun yake. Sun ambaci jami'an 'yan sanda da ke taimaka musu, babba a cikinsu George Iyamu, wanda suka ce yana ba su bindigogi da harsasai, yana tsegunta musu shirin da ake yi a kansu, yana karɓar kasonsa. Abin da mutanen gari suka ɗauka layar zana ce, labari ne da ke fitowa daga cikin ofishin masu farautarsa.

An gurfanar da su gaban kotun musamman ta fashi da makami ƙarƙashin Mai Shari'a James Omo-Agege. Dokar soja ta 1984 da ta kafa irin waɗannan kotuna ta tanadi hukuncin kisa, kuma ba ta ba da damar ɗaukaka ƙara ba. An yanke wa Anini da Osunbor da Iyamu hukuncin kisa. An harbe Anini ranar 29 ga Maris, 1987.

Abin da ya bari

Sunansa ya shiga jerin shahararrun 'yan fashin Najeriya tare da Ishola Oyenusi, wanda aka harbe a Legas a 1971. Akan ambaci shari'arsa idan ana maganar jami'an da ke sayar da makamai ko bayanan sirri, zargin da ya sake tasowa a rikicin 'yan bindigar daji na Zamfara, Katsina da Sakkwato. A 1987 masani Otwin Marenin ya wallafa maƙala kan yadda jaridu da gwamnati da talakawa kowa ya fassara labarin Anini ta fuskar da ta dace da shi.