Muhammadu Bakatsine, Masanin Lissafi

Ɗalibai da yawa suna gudun lissafi, suna ganin ilmi ne da Turawa suka kawo mana. Tarihin Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatani daga Katsina maƙwabciyarmu, ya isa ya kawar da wannan zato.

Larabawa sun san shi da sunan Al-Kashinawi, wato Bakatsine. Ya yi karatu a ƙasarsa, kuma cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali na Bagirmi, wadda ke cikin ƙasar Cadi a yau. Daga baya ya tafi aikin hajji, sa'an nan ya zauna a Alƙahira. A shekara ta 1732 ya rubuta littafi da Larabci mai suna Bahjatul Afaƙ, inda ya yi bayanin yadda ake tsara hatimi.

Hatimi zane ne mai kusurwa huɗu da aka raba gida-gida, a zuba lambobi a ciki, yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta yana da gida tara: 8, 1, 6 a sama; 3, 5, 7 a tsakiya; 4, 9, 2 a ƙasa. Ta ko'ina ka haɗa, 15 za ka samu.

Malam Muhammadu ya yi suna a kan hatimin da gidajen gefensa mara ne, wato lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, kamar 3, 5 da 7. Irin wannan yana da ƙa'ida. Ka ninka gidajen gefe da kansu, ka ƙara 1, ka raba biyu. Abin da ya fito, ka ninka shi da gidajen gefen, ka sami jimlar kowane layi. Mai gida 5 jimlarsa 65, mai 7 kuma 175. Ko da gidajen gefe 101 ne, lambobin su kama daga 1 har 10,201, ƙa'idar ba ta sākewa: kowane layi 515,201.

A zamaninsa ana haɗa hatimi da asiri da neman tsari. Mu Kirista ba nan muka dogara ba, amma lissafin da ke ciki gaskiya ne, kowa yana iya gwada shi da alli.

Ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan abokinsa Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, kuma ya bar masa littattafansa. A 1973 wata malama 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta gabatar da aikinsa cikin littafinta Africa Counts.

Saboda haka, ɗalibai, kada wanda ya ce lissafi baƙo ne a ƙasar Hausa. A wannan hutu, kowa ya gwada tsara mai gida 25, ya ga ko layukansa za su ba da 65.